Sunan Baba a Layi na 217

Firintar ta sake cinye takardar sitika a karo na uku. Sakatariya ta buɗe murfin tana tsaki, ta zaro takardar a cukuikuye, adireshin mutum shida ya manne mata a yatsu. Tun safe abu ɗaya take yi: wasiƙar gaisuwar shekara ta ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ambulan ɗari huɗu da 'yan kai. Wai aikin ba wuya. Sunaye na cikin jadawali a kwamfuta, suna gefe guda, unguwa da lambar gida gefe guda. Ka haɗa jadawalin da shafin sitika, ka danna, kowa ya faɗa ɗan akwatinsa. Wanda ya ce ba wuya bai taɓa wuni da wannan firintar ba.

Oga ya leƙo da takarda a hannu.

"Kin cire waɗanda suka rasu?"

"Ina kai, ranka ya daɗe."

"Bara ma ina kai kika ce. Jiya wata baiwar Allah ta zo har nan tana kuka, wai muna fama mata ciwo. Ki goge su duka. Da kaina zan duba jadawalin, in ƙirga ambulan kafin a kai gidan waya."

Ya dire mata jerin mamatan, mutum goma sha tara. Ta goge sha takwas ko sunayen ba ta karanta sosai ba, don gajiya ta riga ta cinye tausayin. Na ƙarshen yana layi na 217. Babanta ne. Shekara huɗu da rasuwarsa, shekara huɗu tana tsallake layin kamar ba ta gani ba.

Saboda Mama take yi. Mama ba ta karatu, amma ta san fasalin sunan mijinta kamar yunwar cikinta. Duk shekara in ambulan ɗin ya zo sai ta shafa sunan, ta adana shi cikin tsohon gwangwanin biskit, ta ce, "Mutanen kirki, ba su manta da shi ba."

Sakatariya ta daɗe da yatsa a kan madanni. Da ta danna, mutumin layi na 218 ya matso sama ya cike gurbin, ko alamar an taɓa yin wani a wurin babu. Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Ita kuwa firinta, kamar da gayya, sai ta shiga aiki lafiya lau.

A takardar ƙarshe sitika uku suka rage babu rubutu. Ta buɗe sabon shafi, ta buga sunan Baba da adireshin gidansu harafi bayan harafi, ta fitar a kan ɗaya, ta manna. Tun da Oga zai ƙirga, wannan ambulan cikin jakarta ta jefa shi.

Bayan la'asar ta sauka daga bas, ta shiga gida. Ta tarar da Mama tana ninke wanki a tsakar gida.

"Mama, ga wasiƙar Baba. A bakin ƙofa na tsinta."

Mama ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta shafa sunan. Ta juya bayan ambulan ɗin, ta sake juyo gabansa.

"Babu kan sarki," ta ce. "Sun cire shi ko?"

Sakatariya ta haƙura da ƙaryar da ta shirya tun cikin bas. Ta gyaɗa kai.

"Na san ranar za ta zo." Mama ta zauna a bakin gadon ƙarfen da ke rumfa. "Ai ba takardar nake jira ba, 'yar nan. Ni da ba karatu nake ba, me zan yi da ita? Mai kawo wasiƙar ne. Yakan tsaya a ƙofa ya kira sunan babanki, ya ce yana nan? Sau ɗaya a shekara ake samun mai tambaya ko yana nan."

Ta miƙo mata ambulan ɗin.

"Gobe in za ki aiki, ki biya ta gidan waya."

Sakatariya ta karɓa, ta mayar cikin jaka, a aljihun da take sa mukullin ofis don kada ta manta.