Wanda Ya Kawo Mota

Sarƙa ta yi ƙara, motar ta gangaro a hankali daga bayan babbar motar da ta ɗauko ta, har tayoyinta suka taɓa kwalta a ƙofar kamfanin dillancin motoci a Jidda. Muntaka yana tsaye da baƙar leda a hannu yana kallo. Direban da ya kawo ta tun daga unguwar Nuzla ya miƙa masa makulli ya ce, "Halas? An gama?" Ya ce halas. Ƙarfe tara bai cika ba, amma gumi ya riga ya manne masa riga a baya.

Motar lantarki ce, fara, ta kusa shekara uku. Kwana huɗu ke nan da ta mutu a tsakiyar titi a unguwar Bani Malik, cike da kayan wata 'yar kasuwa da ya ɗauko daga kasuwar Balad. Ɗan'auta makaniki ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi ya kakkaɓe hannu, ya ce shi injin da ke shan mai ya sani, wannan kuwa wayar hannu ce aka sa wa taya.

"Batir ne, Yaya," in ji shi. "Kada ka bari kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya. Garantinta saura wata biyu. Kai musu abinsu su gyara. In ka bari ya wuce, gara ka sayar da ita a ƙarfe."

Motar nan ita ce gonar Muntaka, ita ce shagonsa. In ba ta tashi ba, ba shi da wata sana'a a Jidda.

A ciki akwai sanyi kamar cikin firji. Ya ciri lamba ya zauna, ya ɗora ledar a cinya. Yau kwana ashirin da uku da binne matarsa Fauziyya. Tun ranar yake cin abinci bai san ɗanɗanonsa ba, yake amsa gaisuwa bai san wa ya gaishe shi ba. Mutanen unguwa suna ta yabon tawakkalinsa. Shi dai ya san ba tawakkali ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta yake, ko an tsunkule ta ba ta ji.

Lambarsa ta fito. A bayan tebur wata yarinya ce baƙa, da suna Hind a ƙirjin abayarta. Ta karɓi takardun mota, ta yi ta danne-danne, sannan ta ce da Larabci, "A Dammam aka sayi motar nan."

"E."

"Me ya kai ku Dammam, ga mu nan a Jidda?"

Amsar ba mai shiga kwamfuta ba ce. Fauziyya ce ta gano cewa can ta fi sauƙi. Ya ce mata araha ba ta ado, ta ce ita ba ado take nema ba, so take ya daina kwana a layin gidan mai yana wari kamar jarka. Ranar hutunta ta hau jirgi ita kaɗai, ta sa hannu, aka turo motar a bayan tirela. Da sunanta aka yi komai, don ba yadda za a yi da nasa. Ita 'yar Hausawan Sudan ce, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, iƙamarta, wato katin izinin zama, a raye. Tasa iƙamar kuwa ta mutu shekara takwas da suka wuce, tun da kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, ya rufe kamfani ya ɓace. Haya da sunanta, layin waya da sunanta, mota da sunanta. Shi sunansa a bakin mutane kawai yake.

"Ka gane," in ji Hind, "dillalin Dammam daban, mu daban. Garantin yana nan, amma fayil ɗin yana can. Ko dai ka mayar musu da motar, ko mu nemi su turo fayil ɗin nan. Turowar kuma sai da yardar mai mota. Ina take?"

Fiye da kilomita dubu, da shingen bincike a hanya, da mataccen kati a aljihu. Dammam ba ta cikin lissafi.

"Ta yi tafiya," ya ce.

Ɗan'auta ne ya koya masa wannan, har sau biyu ya sa shi ya maimaita. Ya ce in ka kuskura ka ce ta rasu, za su ajiye komai sai an kawo takardar magada daga kotu. Su wane ne magada a takarda? 'Yan'uwanta ne da yaƙi ya warwatsa a Sudan, ko lambar wayarsu ba ta shiga. Muntaka kuwa a falon wani malamin unguwa, Malam Salihu, aka ɗaura aurensu, da waliyyi da shaidu da sadaki, aka raba dabino, aka shafa fatiha. Aure dai cikakke. Kotu ce ba su je ba, don kotu iƙama za ta fara tambaya. Fauziyya takan ce, "In ka gyara takardunka sai mu je." Ana gobe ana jibi, har shekara bakwai.

"Ba damuwa," in ji Hind. "Ba sai ta zo ba. Lamba za mu tura wa wayarta, in ta karanto mana, halas. Za ka iya kiranta?"

"Wayar tana nan. Ta bar mini."

"Madalla." Ta jawo wata takarda ta ɗauki biro. "Wanda ya kawo mota. Sunanka?"

"Muntaka Salisu."

"Mene ne kai a wurinta?"

Ya dubi layin da biron ya tsaya a kai. Ɗan gajeren layi ne, bai fi tsawon yatsa ba. In ya ce miji, za a ce ina shaida, daga shaida kuma sai iƙama.

"Direbanta ne," ya ce.

Ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ba abin da ya motsa. Hind ta rubuta, rubutunta mai kyau ne.

Ya kwance ledar. Jakar hannun Fauziyya ce a ciki, yadda abokan aikinta suka miƙa masa ita a ranar. A wurin aikinsu ana kashe waya a kulle ta a loka. Da safe ta faɗi tsakanin tebur da tebur, kafin azahar an gama. Ba wanda ya san lambarsa, don a takardun asibiti ba ta da miji. Ƙarfe biyu ya zo ɗaukarta kamar kullum, ya yi ta jira a ƙofa, sai wata 'yar'uwar aikinta da ta saba ganin farar motar ta fito ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Tun daga ranar bai buɗe jakar ba. Yanzu ya zuge ta, ƙamshin turaren wutarta ya taso, ya ture carbi da man leɓe ya ciro wayar.

Ya danna, ba ta kama ba. Hind ta miƙo hannu ta karɓa ta jona ta a cajinta. A teburin kusa wani Balarabe yana ta faɗa a kan madubin gefe. Can fuskar wayar ta yi haske. Ya faɗi lambar buɗewa, shekarar aurensu ce.

"Na tura," in ji Hind. "Bari ta shigo."

Abin da ya fara shigowa ba lambar ba ce. Wayar ta kama rawa a kan tebur, saƙo a kan saƙo, na kwana ashirin da uku, kamar an buɗe famfo. Hind tana riƙe da ita tana neman nasu saƙon a ciki, ba yadda za ta yi ta ƙi gani. Matan asibiti, matan unguwa, da Larabci da Hausa: Inna lillahi. Allah ya ji ƙan Fauziyya. Allah ya sa ta huta. A cikinsu wani saƙo ya hau sama, da ɗan hoto a gefensa, da sunan da ta ajiye lambar da shi: Maigidana. Hoton wani mutum ne da hula, yana dariya har haƙoransa a waje.

Hind ta dubi hoton, ta ɗago ta dubi mutumin da ke zaune a gabanta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ta dubi takardar da ta rubuta direba.

Muntaka ya ga duk wannan. Ya san abin da ya kamata ya yi: ya roƙe ta, ko ya ƙara wata ƙaryar, ko ya tashi ya kwashi kayansa kafin a kira wani babba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna da hannuwansa a kan gwiwa yana kallon wayar caji. Ya gaji, kuma ya lura cewa ko tsoro ba ya ji.

Wayar ta sake motsi. Saƙon kamfanin ne, lambobi shida. Hind ta daɗe da yatsunta a kan madannai ba ta danna ba. Sannan ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya, na'urar buga takarda ta yi gurnani ta tofo shafi biyu.

Ta sunkuyo, ta rage murya. Da Hausa ta yi magana, Hausa mai nauyi ta wanda ya saba ji a bakin kakarsa bai saba faɗi ba.

"Baba. Fayil zai zo. Kwana goma, in sha Allah, batir sabo." Ta tsaya tana neman kalma. "Ranar karɓa, wata lamba za ta zo. Waya, kada ka kashe. Kullum caji. In sun yanke layi, ni ba zan iya komai ba. Ka gane, Baba?"

"Na gane, 'yata."

"Sa hannu nan."

Ya sa hannu a ƙarƙashin kalmar da ta rubuta. Ta cire wayar daga caji ta miƙa masa da hannu biyu, ta danna kiran lamba ta gaba ba ta sake kallonsa ba.

A waje an riga an tura motar ciki, sai shatin tayoyi a ƙura. Ya taka zuwa inda ake jiran bas ɗin da ke bi ta Nuzla, ya zauna a gefen da inuwa ta rage. An karɓi mota, ya kamata ya kira Ɗan'auta ya gaya masa. Maimakon haka sai ya buɗe wayarta, ya taɓa saƙon mutumin mai hula.

"Ina ƙofa. Yalla, maza ki fito, rana na dukana."

Ya manta ma ya rubuta shi. Ya ciro tasa wayar, ya nemo sunanta. Kwana ashirin da uku saƙon yana nan da alama ɗaya a ƙarƙashinsa, bai isa ba. Yanzu alamar ta canza launi: an karanta.

A nan ƙafar da ta daɗe a mace ta fara dawowa, kuma da ciwo ta dawo. Bas ya zo ya buɗe ƙofa, direban ya yi masa hon sau biyu. Muntaka yana zaune da waya ɗaya a kowane hannu. Bas ya rufe ƙofa ya wuce.