Robar Birki a Kan Kwalta

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da kimiyya, don haka bai ga dalilin kai tsohon kekensa na tsere wurin ƙaninsa mai gyaran kekuna ba. Da kansa ya sauya robobin birki guda huɗu, ya ja wayar birki, ya kifa keken a tsakar gida, ya juya taya a iska, ya matsa birki. Ta tsaya cak. Ya ɗauki hoto ya tura wa ƙanin, don dai ya ji haushi.

Da safe Auta, 'yarsa mai aikin jinya, ta makara, ta nemi aron keken.

"Birkin fa, Baba?"

"Na gwada," in ji shi.

Minti biyar da fitarta ƙanin ya kira, ko gaisuwa babu.

"Yaya, kada kowa ya hau keken nan! Ƙarfen da ke riƙe robar, gefe ɗaya a buɗe yake. Rufaffen ake sawa gaba, kai ka sa shi baya. Mutum na matsa birki da nauyinsa a kai, taya za ta fizge robar ta tofar."

"Duka huɗun?"

"Ai kai ba ka yin abu rabi-rabi."

Tsakanin gidan da asibitin akwai doguwar gangara, a ƙarshenta kuma mahaɗar da manyan motoci ke wucewa. Malam ya kira Auta. Ba ta ɗaga ba. Shi ya hana ta taɓa waya a kan keke, kuma cikin 'ya'yansa ita kaɗai ke jin magana.

Ya fita da silifas yana gudu, abin da gwiwoyinsa suka manta tun tuni. A saman gangarar ya ga baƙar roba a kan kwalta, sabuwa fil. Taku ashirin gaba ga wata. Ya tsince su. Da ya ga ta uku sai ya sure ta, ya ƙara gudu. Can ƙasa wata tirela ta tsaya a karkace, mutane sun taru a gefenta.

Bai san yadda ya isa ba. Ya riƙa ture mutane yana cewa, "'Yata ce, 'yata ce," ba tare da ya yarda ya dubi ƙasan motar ba.

Keken na cikin shingen furanni na wani ofis. Auta na zaune a bakin kwalbati, gwiwarta na jini, takalmanta sun cinye har safa. Da ƙafa ta ja birki, sannan ta zaɓi faɗawa shinge maimakon ƙarƙashin tirelar.

Malam ya durƙusa yana tattaɓa kanta, kafaɗunta, yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," ta ce, "ka ce ka gwada."

Ya buɗe baki zai yi bayani kamar a aji. Sai kawai ya buɗe tafinsa ya nuna mata robobin uku.

Ta ciro ta huɗun daga cikin kwalar rigarta inda ta maƙale, ta ɗora masa a kai.

"Cika su. Ka kai wa Baba Ƙarami."