Rabon Dorina

A gonar Mainasara da ke bakin ruwa kusa da Wara, akwai wani zirin ƙasa mai faɗin taku goma da fartanya ba ta taɓa shiga ba. Rabon dorina ne. Haka ya gada daga ubansa: a bar mata ciyawar da za ta ci, ita kuma ta ƙyale wa mutane shinkafarsu.

Da can dorinai sun fi goma a wannan lungu. Yanzu saura guda, tsohuwa mai tsagaggen kunne. Shi ma Mainasara sa'o'insa duk sun ƙare, matarsa ta rasu shekara shida ke nan. Gidan ya cika maƙil, baki talatin da huɗu, amma babu mai zama ya yi hira da shi. Kullum da la'asar sai ya tafi bakin ruwa. Dorinar ta fito da hanci ta yi huci, shi kuma ya ba ta labarin ciwon gwiwarsa.

Bana abin ya kai maƙura. Burtali ya zama gonaki, shanu suka gangaro suka sheme duk ciyawar gaɓa. Rumbun gida kuwa ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa. Tanimu, babban ɗansa, ya ɗauki garma ya nome zirin ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Ɗiyanmu ba su ƙoshi, Baba," in ji shi. "Mi za mu ba dabba?"

Ba a yi wata biyu ba dorinar ta shigo gonar. Da safe aka tarar da rabin shinkafar a kwance, ga sawunta manya kamar gindin turmi. Tanimu ya ɗauko maharba. Kwana uku suna yawo a kwalekwale, ko bayanta ba su gani ba.

A rana ta huɗu Tanimu ya durƙusa gaban ubansa.

"Kai kaɗai taka hito ma. In ta koma gonar ga, wallahi bana sai bara."

Mainasara ya daɗe yana kallon jikokinsa suna kankare gindin tukunya. Ya ji haushin ɗansa, ya ji haushin kansa. Sannan ya ɗauki sandarsa.

Maharba suka laɓe a bayan kwalekwale. Ya zauna a bakin ruwa shi kaɗai, ya yi gyaran murya, ya ce, "Tsohuwa, ni ne." Ta ɗago kai. Maharba suka harba.

Ranar gida ya kaure da shewa, har maƙwabta sai da suka samu kason nama. Aka aika masa nasa a kwano, aka ajiye a ƙofar ɗaki, aka koma wajen tukunya. Ya yi niyyar ba zai taɓa ba. Amma tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Ya jawo kwanon, ya juya wa ƙofa baya, ya ci yana kuka.