Idon Motar Malam Jibo

A Rogo ba wanda bai san baƙar motar Malam Jibo ba, ko da yake an daɗe ba a gan ta a hanya ba. Shi ne ya tuƙa hakimi daga Karaye zuwa duk ƙauyen da mota ke iya shiga, tun zamanin da mutane ke zubewa su gai da ita ko babu kowa a baya. Da hakimi ya sayi sabuwa bayan yaƙin Bama, sai ya bar masa tsohuwar, ya dawo da ita gida yana ɗaukar 'yan kasuwa da marasa lafiya. Wata rana da almuru, a wajen Kurugu, ya hau kan kututturen ɗorawar da ko jakin garin ya san wurinsa. Bai ji ciwo ba. Ya ce idon motar ne ya yi rauni, ya sa aka tura ta rumfar da ke kusa da rumbun dawarsa, aka kewaye da zana. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, motar tana nan.

Haka yake faɗa, idon mota. A bakinsa mota ba ta da fitila, ido gare ta, kamar yadda take da ciki da numfashi.

Ɗansa na fari, Isyaku, makanike ne a garejin En'e, wato hukumar gargajiya, a Kano. A gidan Malam Jibo kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun ranar suna tsohon bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba, sai dai "yaron nan", shi ma ta bakin wani. In suna wuri ɗaya, da ido yake yi masa magana. Kallo ɗaya na nufin kawo buta, wani kallon kuma tashi ka ba mutane wuri. Isyaku ya girma, ya yi gemu, ya haifi nasa 'ya'yan, Turawan gareji ma sun iya kiran sunansa a karkace, amma a bakin ubansa bai taɓa ji ba. Kowa ya ce ai ladabin gida ne, shi ma ya yarda. Duk da haka abin na ci masa rai, yana so ko sau ɗaya tsohon ya dubi aikin hannunsa ya ce ya yi.

Saƙo ya same shi ta bakin wani direban motar gyaɗa. "Gwaggonka Zinariya ta ce in gaya maka, tsoho ya ce idon ya mutu, a zo a duba."

Isyaku ya kusa yin rawa a bakin gareji. Uban da bai taɓa barin kowa ya taɓa motarsa ba, yau shi yake nema. Ya nemi hutu, ya ƙunsa sabuwar waya da ƙwayayen fitila da dalma, ya aro batir, ya hau motar gyaɗar suka kamo hanya.

Da ya iso, ya tsuguna nesa ya gai da mahaifinsa. Tsohon yana kan buzu da carbi, ya amsa yana fuskantar bango. Gwaggo Zinariya, ƙanwar tsohon, wadda ta goya Isyaku, ita ce ta tare shi da ruwa da surutu.

"Sannu ɗan birni. Wannan kayan fa? Aure ka zo nema?"

"Kayan aiki ne, Gwaggo. Ba idon aka ce ya mutu ba?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai tsohon ya yi gyaran murya. Ta rufe.

Da Isyaku ya ɗaga murfin injin, sai ya ga ɓarnar da ta fi ƙarfin tsaki. Wayoyin motar irin na dā ne masu rigar zare, kuma ɓerayen rumbu sun mai da su abincin dare. Sun gaigaye rigar tas, sun bar jan ƙarfe tsirara yana taɓa juna, har sun yi sheƙa da ɓawon gyaɗa a bayan fitilar hagu. Ga tsatsa ta cinye wurin da ake ɗaure waya a jikin ƙarfen motar don wuta ta samu hanyar komawa. To, wanda ya ga wannan ina zai ƙara tambayar wane ido ake nufi?

Ya tuɓe riga ya shiga aiki. Ya zare tsofaffin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaura sabuwa a wutsiyar tsohuwa don ta ja ta ta bi hanyarta. Ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Ya hura gawayi a kasko ya ɗumama ƙarfen dalma, yana liƙe bakin kowace waya, don ya san hanyar Karaye da gargada, abin da aka murɗa da hannu kawai ba ya kai Kurugu. Ya kwance makunnin ƙafa, wanda direba ke takawa ya sunkuyar da haske in wata mota ta tunkaro, ya wanke shi da kananzir. Madubin cikin fitilun kuwa, da auduga da tokar kara ya goge su a hankali har ya ga fuskarsa a ciki.

Kullum da hantsi Malam Jibo yakan sa a shimfiɗa masa buzu a bakin rumfar, ya zauna yana fuskantar motar. Isyaku na jin daɗin haka ƙwarai. In ya ja waya sai ya ja ta miƙe sambal, in ya naɗe sai ya naɗe da kyau, wai ana kallo. Ya lura tsohon bai harare shi ko sau ɗaya ba, bai nuna masa komai da ido ba, sai ya ɗauka yarda ce ta samu. Ya ga hannun tsohon yana lalube kafin ya kama buta, ya ce tsufa ne.

Ran nan Gwaggo ta kawo masa fura, ta tsaya tana wasa da bakin zanenta.

"Isyaku, an ce a birni akwai masu gyaran ido?"

Ya yi dariya daga ƙarƙashin mota. "Ga shi a gabanki, Gwaggo. Ai ni ne."

Ta dubi ƙafafunsa da suka leƙo, ta ce, "Allah ya shirye ka," ta ɗauki ƙwaryarta.

Ya gama ranar Laraba da la'asar sakaliya. Bai iya jiran duhu ba, sai ya ƙara tabarmi a kan zanar rumfar har ciki ya yi duhu. Gwaggo ta riƙo hannun rigar yayanta kamar wasa suka shigo. Tsohon ya tsaya a gaban motar, daidai tsakanin fitilun, ya gyara hula.

Isyaku ya ɗaura batir, ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makunni.

Haske ya cika rumfar. Tun motar tana sabuwa da wuya in ta taɓa haskawa haka. Ana iya ƙirga zaren aikin wuyan rigar tsohon, ga inuwarsa ta hau zana har sama. Isyaku ya leƙo ta taga yana murmushi, yana jiran tsohon ya kare fuska da hannu.

Bai kare ba. Idanunsa a buɗe suke cikin hasken, ko ƙiftawa ba sa yi, kuma a karo na farko Isyaku ya dube su kai tsaye ya ga farar yanar da ta rufe su.

Malam Jibo ya ce, "Zinariya, gaya wa yaron nan ya kunna."

Gwaggo ta toshe baki da mayafi, kukan ya ƙwace mata duk da haka.

Tsohon ya miƙa hannu yana lalube, ya tako, ya taɓa hancin motar, ya bi har tafinsa ya sauka a kan gilashin fitilar dama. Ya bar shi a nan.

"Da ɗumi," in ji shi. "Ashe sun kama."

Gwaggo ta ce, "Yaya, na ce ka bari in gaya masa."

Tsohon ya ce, "Ranar Kurugu ma fitilun lafiyarsu ƙalau. Ni dai na ce ko in an gyara su da ƙarfi, hasken zai ratsa in ga wani abu."

Isyaku ya fito daga motar, ya durƙusa a gefen taya. Kwanakin nan duk da ya yi yana gyara naɗin waya don a gani, ashe ba mai gani. Tsohon ya juya kai yana neman sa yadda ya saba, da ido, sai ya juya wajen da babu kowa. Ya sake juyawa ɗaya gefen, can ma zana ce kawai.

"Isyaku," ya ce. "Kana ina?"

Sunan ya fito a hankali, kamar na baƙo. Shekara da shekaru Isyaku yana jiran sa, yau ga shi ya zo, kuma da zai iya da ya mayar da shi, a ci gaba da harararsa har ƙarshen duniya.

"Ga ni, Baba."

Hannun tsohon ya bi muryar ya sauka a kansa, ya shafo gemun da bai taɓa taɓawa ba. "Aiki ya yi. Hannuna ya gani."

"Gobe mu tafi asibitin ido a Kano, Baba. Ni zan tuƙa."

"To, Allah ya kai mu. Je ka kashe, kada batirin mutane ya sauka a banza."

Isyaku ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makunni. Duhu ya dawo rumfar. Malam Jibo ya mai da tafinsa kan gilashin da bai gama hucewa ba, ya saurara kaɗan.

"Isyaku, ka kashe kuwa?"