Kujerar Tsakiya

Shekara goma sha bakwai Yaya Babba ya yi a kantar filin jirgin sama, yana auna jakunkunan matafiya yana ba su lambar kujera. Ko daga barci ka tashe shi ka ambaci gari, zai faɗa maka nisansa da awannin da jirgi ke ci kafin ya sauka. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba.

Ran nan ya je gaida Inna, ya tarar da ɗaki cike da dangi. Ƙaninsa Auta, wanda bara-baran nan ya fara aiki a kamfanin ruwa, aka zaɓa ya je kwas ƙasar waje.

"Awa nawa za ka yi a sama?" Inna ta tambayi Auta.

"Kamar tara."

"Sha ɗaya da minti arba'in," in ji Yaya Babba daga bakin ƙofa. "Kilomita dubu tara da ɗari shida."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kai ka iya lissafi, shi ya iya tafiya!"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya buɗe haƙora, amma abincin da aka zuba masa ko rabi bai ci ba.

Ranar tafiya Auta ya bar sauran layuka ya bi na wansa, sanye da sabuwar rigar sanyi, gumi na tsatstsafo masa.

"Yaya, a taimaka min da gefen taga."

Yaya Babba ya dubi kwamfuta. Kujeru huɗu ne na taga babu kowa. Ya ɗan jima yatsansa na shawagi, sannan ya danna ta tsakiya, can baya kusa da banɗaki.

"Sun ƙare," ya ce, bai ɗago kai ba.

"Ba komai, Yaya. Na gode."

Jirgin ya tashi a kan idonsa. Wunin nan sau biyu yana liƙa wa jaka takardar garin da ba nata ba, har abokiyar aikinsa ta tambaye shi ko lafiya.

Washegari Yaya Babba yana ɗakin Inna sai Auta ya kira shi a waya, murya duk zumuɗi. Wai wata dattijuwa mai ciwon gwiwa ce ta roƙe shi su yi musanya don ta riƙa zuwa banɗaki da sauƙi, ta bar masa taga.

"Yaya, na ga teku! Awa biyar babu ƙasa, sai ruwa. Na ɗauko maka hotuna sun fi talatin. Duk hanya kai nake tunawa, wallahi."

 Yaya Babba ya rasa ko haushi yake ji ko kunya.

"Madalla," ya ce. "Ga Inna."

Ya miƙa mata wayar ya fita tsakar gida. Hotunan suka yi ta shigowa bayan ta dawo masa da ita. Sai da ya kwana uku kafin ya buɗe su.