Tumun Ya Gumsu

"Kau da shi," in ji Ya Gumsu, ta ture ƙwaryar da bayan hannu. "Ba zan je gaban Allah da kwaki a cikina ba."

Garin rogo ne ɗanta Zarami ya jiƙa mata. Shekarar nan gyaɗa ya shuka a gonarsu kaf, saboda masu auna ta sun cika Azare, ga rumbunan unguwa sun yi wayam tun bazara. Danga ɗaya ce tsakanina da su, komai a kunnena.

"Iya, shi kowa ke ci fa."

"Kowa ɗin ne ya haife ka? Mu da gero muka taso daga Barno. Uwata da kununsa a baki ta cika." Ina shigowa ta juyo gare ni. "Dijatu, tumu nake so. Ko zangarniya ɗaya a gasa mini."

Na dubi idonta na san tafiya ta zo. Gero kuwa bai yi ido ba ko'ina sai a gonar Jumare, Bafillacen da ke hanyar Gamawa. Ni da shi ba ma ga-maciji tun da shanunsa suka cinye mini wake. Kai, wuya ba ta da kunya! Na ja zane na tafi.

Na same shi yana korar tsuntsu. Ban ko tsaya dogon gaisuwa ba, na faɗa masa.

"Dijatu, kin san ba a karya mini gero sai liman ya sa wa na fari albarka."

"To, mutuwa ma ka ce ta jira liman ɗin!"

Ya sosa gemu. Sai ya kutsa cikin gonar, ya fito da zangarniya biyu masu kauri. "Ki ce mata ita za ta sa mana albarkar bana."

Ban san ƙafafuna suna da sauran gudu ba sai ranar. Ina zuwa ƙofa na kasa kunne: babu kuka. Alhamdu lillahi!

Zarami da kansa ya hura wuta, idonsa jawur, ya ce wai hayaƙi ne. Na gasa, na murje a tafin hannu, na hure ƙaiƙayi, na zuba mata. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ta daɗe tana mamula, ido a lumshe.

"Kin ƙona gefe guda," ta ce. "Amma gero ne. Allah ya yi wa gonar albarka."

Bayan la'asar ta cika. Na yi kuka, ba na musu, amma wallahi zuciyata sanyi ƙalau, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Da muka zo wanke ta, hannunta na dama a dunƙule yake. Na buɗe yatsun a hankali. 'Yan ƙwayoyi ne a ciki, sun manne da tafinta.