Shaidar Malam Audi

Lado ba a kan keke yake ba sa'ad da babur ya kwashe shi, tura shi yake yi. A riƙe wannan da kyau, don daga baya har waɗanda ba su je wurin ba sai da suka rantse wai a tsakiyar hanya ya ja birki.

Ɗan koli ne. Yakan saro gishiri da kanwa da sabulu da ashana a Dutsin-Ma, ya ɗaure a bayan keke ya kai Kurfi ranar kasuwa. Ba shi da jaki, gonarsa kuwa ba ta kai shi bazara, saboda haka keken nan shi ke ciyar da gidansa. Ƙauyensu a bakin hanyar yake, kuma kullum ubansa, Malam Audi, yana zaune gindin tsamiyar da ke mashigar gari yana tufkar igiya. Tun da Lado ya mallaki keke bai taɓa wuce tsohon a kai ba. Daga nesa yake sauka, ya tuɓe takalmi, ya turo keken ta gefe, ya durƙusa ya gaishe shi. Ran nan ma haka ya yi, da la'asar, yana dawowa daga Kurfi. Ya sauka tun daga wajen rijiya, ya raɓe can hannun hagu inda hukuma ta ce a bi a wancan zamanin, har ciyawa na gogar ƙafarsa.

Sai ga Malam Atiku, malamin allurar shanu, a bayansa bisa sabon babur na wajen aiki. A shekarun nan na farkon mulkin kai, in aka ji ƙarar babur a ƙasar ba a tambayar ko wane ne. Ya hango dattijo a zaune, shi ma ladabi ya motsa masa. Mutum mai hankali tsayawa zai yi. Shi kuwa gogan naka sai ya saki hannun dama ya dunƙule ya ɗaga sama yana jinjina, fuska na wajen tsoho, babur na tafiya yadda ya ga dama. Tayar gaba ta faɗa yashi, kan ya kufce, ya yi ciki da Lado.

Ƙafar keken ta baya ta naɗe kamar faifan da aka taka, ƙashin bayan keken ya karye biyu. Lado ya goce a wuyan hannu. Malam Atiku ya ƙuje a gwiwa, fitilar babur ta fashe, iyakar asararsa ke nan. Malam Audi kuwa, wanda a gaban idonsa aka yi komai, ya miƙe ya nufi baƙo ya ɗaga shi yana kakkaɓe masa riga. Ɗansa na kwance cikin ƙaya bai ko waiwaye shi ba.

Wannan bai dami Lado ba, ya saba. Shi ne ɗan fari, kuma Malam Audi mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan” ko “yaron nan”. Bai taɓa yabonsa a gaban mutum ba. Kowa na cewa kunya ce, kara ce, halin manya ne, Lado ma haka ya ɗauka har ya yi gemu.

Washegari aka taru a zauren Mai gari. Malam Atiku ya zo da tsumma ɗaure a gwiwa, yana ɗingishin da jiya bai yi ba. Ya san in aka ce shi ne da laifi, gyaran keke na wuyansa, kuma labari zai kai ga manyansa su karɓe babur.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ina tafe a hankali, na yi mashi hon har sau biyu. Kawai sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Masu keken nan ba su san doka ba, in suka ga dama ko'ina tasha ce.”

Lado ya ɗago kai. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙarya yake. Takalmina na hannuna aka buge ni. Mai tuƙi da hannu guda yana kallon gefe, shi ne ya san doka? A tambayi Baba, shi muke gaisarwa mu duka biyun.”

Mai gari ya juya. “Malam Audi, kai ka gani. Me ya faru?”

Abin da ake nema a bakinsa bai kai loma ba: ya sauka, yana gefe. Lado ya zuba masa ido. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya shafa gemu, ya gyara zama.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, yaron nan dama can gaggawa gare shi. Malam baƙonmu ne, dabbobinmu ya zo dubawa. A ba shi haƙuri.”

Zaure ya ɗauki “madalla”. Wani dattijo har da cewa yau ya ga kara, uba ya ƙi bin bayan ɗansa. Kara! An karya wa mutum hanyar abincinsa, an yi masa ƙarya a bainar jama'a, su kuwa suna yabon ladabin tsoho. Mai gari ya yanke: tun da uban da ya haife shi ya faɗa, laifin mai keke ne, kowa ya gyara abinsa, Lado kuma ya ba malam haƙuri. Ya bayar, da haƙora a cije. Don a ƙarasa shi, da za a tashi Malam Audi ya sa aka kamo zabi biyu aka ɗaure wa Malam Atiku a bayan babur, wai na jaje.

Washegari mai gyaran keke a Dutsin-Ma ya juya keken gaba da baya, ya ce ko an yi masa walda ba zai sake ɗaukar buhun gishiri ba. Lado ya bar masa shi nan, ya tako da ƙafa. Yana tafe yana maimaita maganar zaure, ransa na ƙara ɓaci, har ya iso tsamiya. Bai durƙusa ba. A tsaye ya yi magana, mutane na ji.

“Baba, ka gani ko ba ka gani ba?”

Malam Audi bai ɗago ba. Igiyarsa yake murzawa. Can ya ce, da muryar da ba ta wuce su biyu ba, “Na gani. Yana gefe.”

“To me ya hana ka faɗa jiya?”

“Da wane ido zan dubi mutane? A ce Audi ya tsaya gaban Mai gari yana tare wa ɗan fari faɗa?”

“Su mutanen za su ciyar mani da iyali?”

Tsohon ya ci gaba da tufkarsa. Lado ya jira, ya jira, ko da “sannu da hannu” ce. Ba ta zo ba.

Ya wuce gida ya ce wa matarsa Kulu ta haɗa kaya, Kurfi za su koma, gara ya yi dako a kasuwa. Kulu ta ga fuskarsa ba ta yi musu ba. Da safe suka fito, ita da ƙullin kaya a ka, 'yarsu ta fari, mai shekara huɗu, na biye da ita. Ita ma tun haihuwarta Lado bai taɓa faɗin sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, don haka ya taso ya ga ana yi. Hanya ɗaya ce, dole ta gaban tsamiya, inda dattawa suka riga suka hallara. Yarinyar ta yi tuntuɓe ta faɗi, ta kama kuka.

Lado ya juyo, ya ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

“Azumi. Zo nan, Azumi, ki nuna mani inda kika ji ciwo.”

Ya sunkuya ya ɗauke ta da hannunsa mai lafiya, ya saɓa a kafaɗa. Dattawa suka kama salati. Malam Audi ya buɗe baki zai tsai da shi, ya rasa da wane suna zai kira shi, har suka sha kwana.